Kwaikwayo ko Koyo? Zaure ya ɗau zafi kan 'yan Indiya masu koyon Koriyanci

Ƙanwarmu ta Delhi: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara biyu ina fama da Koriyanci. Haruffan Hangul, wato rubutun Koriya, 24 ne kacal, cikin mako ɗaya na iya karanta su, amma da an ce in buɗe baki sai harshena ya ɗaure. 'Yar ɗakinmu kuwa, 'yar Indiya, wata takwas ta yi, ga ta tana zuba. Na sa mata ido. Da dare takan kunna fim ɗin Koriya, ta tsayar, ta maimaita jimla da irin muryar mai wasan har sai ta zauna mata a baki. In kalma ta ɓace mata ba ta yin shiru. Ranar da ta manta sunan firiji, sai ta ce "akwatin da ke sanyaya abinci". In abin ya gagara, ta ɗauko kalmar Turanci ta lanƙwasa ta yadda 'yan Koriya ke yi, kwamfuta ta koma keompyuteo. Kusan kowace jimla kuma da "yo" take rufe ta, don kada ta yi wa babba rashin kunya. Yau malaminmu ya ce mini a gaban aji ilimina duk a takarda ya tsaya. Su kwaikwayo ya fitar da su, ni kunya ta cuce ni. Me zan yi?

Malam: Ƙanwata, kwaikwayo ba ilimi ba ne. Aku ma yana kwaikwayo. A riƙe nahawu tukuna.

Injiniyan Chennai: Allah gafarta Malam, karatun allo fa? Malam ya biya, mu biya. Mene ne sunan wannan?

Malam: Kada ka haɗa biyawar malami da kallon fim, ɗana.

Hajiya: Ni kalmar ce ma ba ta yi mini ba. Kwaikwayo na 'yan wasa ne. A ce bita.

Injiniyan Chennai: Hajiya, bita sai abin da aka riga aka koya. Ku saurare ni. A Sriperumbudur, kusa da nan, kamfanin Hyundai na Koriya ke ƙera motoci tun 1998, na kuma ga tafintoci 'yan Indiya da idona suna magana da 'yan Koriya. Hindi da Tamil, harsunan Indiya, duk a ƙarshen jimla suke ajiye aikatau, kamar Koriyanci. Mu mu ce "na ci tuwo", su su ce "ni tuwo ci". Mai jin Tamil yana kiran uba appa, ɗan Koriya ma appa. Mai Hindi kuma ya tashi da aap da tum da tu, hanyoyi uku na cewa "kai", ya san matakan girmamawa tun yana goye.

Malam: To ashe gado ne, ba kwaikwayo ba. Ka tsinke hujjarka da hannunka.

Injiniyan Chennai: Gado ya taimaka, amma gado ba ya buɗe baki.

Ɗan'uwa daga Maradi: A jihar Manipur ta Indiya, da 'yan tawaye suka hana finafinan Hindi a 2000, matasa na Koriya suka koma kallo. Kunne ne ya fara sabawa.

Yaya Babba: Finafinan Koriya? Mu na Indiya muka tashi da su, kuma har gobe sun fi. Yanzu a gidaje sai tuwo ya ƙone saboda waɗancan.

Hajiya: Yaya, ku da ƙwallo fa? Wa ya taɓa ƙirga muku awanni?

Yaya Babba: Ban ambaci mata ba, Hajiya.

Hajiya: Wa ke tuƙa tuwon?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne Injiniya ke da gaskiya, shi ne ya zo da abin da ya gani. Malam, muna girmama ka, amma nahawun nan ƙanwarmu ta riƙe shi shekara biyu, kuma shi ne bai fishe ta ba. Indiya ta sa Koriyanci cikin harsunan waje na sakandare a manufar iliminta ta 2020, har jami'ar Jawaharlal Nehru na da cibiyar nazarinsa, amma yarinyar nan a ɗaki ta buɗe bakinta, da maimaici da rashin jin kunyar kuskure. Ƙanwata, daga daren yau ki zauna kusa da ita, jimla biyar kullum, da ƙarfi. Ranar Juma'a ki turo mana muryarki mu ji.