Neman shawara: Ina son rubuta tarihin Inna saboda jikoki, amma Yaya bai yarda ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu, wadda mu da jikoki duka muke kira Inna, ta rasu wata bakwai da suka wuce tana da shekara tamanin da 'yan kai, kuma tun bayan da aka share makoki akwai abin da ya hana ni sukuni, shi ne na kawo muku.

Inna ba ta yi zama irin na yawancin matan zamaninta ba. An yi mata auren fari tana 'yar shekara 13 a wani ƙauye kusa da Kano, ta haifi ɗa guda, wato Yayanmu, sai auren ya mutu, dangin uba suka riƙe yaron. Maimakon ta zauna zawarci a gidan iyayenta, sai ta bi gwaggonta zuwa Kumasi, inda ta koyi cinikin goro a Zango, ta kuma iya harshen mutanen Asante har tana ciniki da shi. Da aka kori baƙi daga Gana a 1969, ta dawo gida a bayan babbar mota da akwatin ƙarfe guda ɗaya, kuma ba ta yi wata uku ba ta fara zuwa Shagamu saro goro. Aurenta uku. Mahaifinmu, wanda shi ne na ukun, ta gaya masa tun kafin a ɗaura cewa ba za ta bar fatauci ba, ya amince, suka zauna shekara 31 har Allah ya karɓi ransa.

Ina iya tuna ta zaune a tsakar gida ta kwance huhu, tana juya goro ɗaya bayan ɗaya tana ware mai tsutsa, rediyonta na gefe, tana mayar wa mai karanta labarai magana kamar yana jin ta. A zaɓen 1979 ta riƙe hannuna muka je rumfa tun da asuba, ta ce ta daɗe tana jiran ranar da mace za ta zaɓi gwamna, kuma mabuɗi, wato alamar jam'iyyar PRP, za ta zaɓa ko wa zai ji haushi.

Da muka buɗe akwatin nan na ƙarfe, mun tarar da tsofaffin takardun sidi, wato kuɗin Gana, da katin zaɓenta, da wani hoto da ta ɗauka a Kumasi tana sanye da atamfa da takalmi mai tsini, tana dariya. Babbar 'yata ta riƙe hoton tana ta yi mini tambayoyin da na kasa amsawa, shi ne na ƙudura in rubuta tarihinta saboda jikoki. Da na gaya wa Yaya, sai ya ce in rufa wa mamaciya asiri, domin a da can mutane sun sha kiran ta mai zaman kanta, kuma duk mun san abin da ake nufi da wannan kalma. Ni kuwa shaida ce cewa guminta ta ci, da shi ta aurar da mu, da shi ta sauke farali. Ba na son saɓa wa Yaya, ba na kuma son 'ya'yana su tashi ba su san wace ce kakarsu ba. Yaya zan yi?

Amsar wata Hajiya daga Zariya:

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta. Ɗiyata, na karanta bayaninki sau biyu, kuma inda na tsaya shi ne inda kika ce dangin uba sun riƙe yaron. Ke kin san uwar da ta riƙe hannunki zuwa rumfar zaɓe, shi kuma Yayanku ya san uwar da ta tafi wata ƙasa yana ƙarami, ya tashi a hannun matar uba, wataƙila yana jin ana yi masa gori da ita a makarantar allo da wurin wasa. Ina zaton abin da yake kira rufin asiri ciwon kansa ne da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shawarata ita ce ki ajiye maganar rubutu tukuna, ki shirya ki je gidansa ke kaɗai, ki ce kin zo ya ba ki labarin Inna yadda shi ya san ta, tun daga ranar da ta dawo ta neme shi. Kada ki kare ta, kada ki gyara masa magana, ko da ya faɗi abin da bai yi miki daɗi ba. Idan ya ga cewa nasa labarin yana da gurbi a cikin abin da kike son haɗawa, ina kyautata zaton zai sassauto.

Amsar wani ɗan uwa mai koyar da Islamiyya:

Allah ya gafarta mata. 'Yar uwa, abin da shari'a ta hana shi ne zagin mamaci, kamar yadda ya zo a Buhari daga Nana A'isha cewa kada a zagi matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ambaton sana'ar mace ta halal, da aurenta da rabuwarta bisa ƙa'ida, ba aibi ba ne, kuma Nana Khadija 'yar kasuwa ce da ta yi aure kafin Manzon Allah (SAW). Sai dai ki tuna cewa abin da zai isa gare ta a kabari shi ne abubuwa ukun nan da suka zo a Muslim: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi mata addu'a. Ku haɗa hannu da Yayanku a kan wannan, kuma ku riƙa ziyartar ƙawayenta da suka rage, domin Annabi (SAW) ya kasance yana aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta.

Amsar wata 'yar uwa daga Kumasi:

Hawaye na yi da na ga an ambaci Zango, domin kakata ma 'yar goro ce. Dokar da kike magana a kanta gwamnatin Busia ce ta fitar da ita a watan Nuwamba na 1969, aka ba wa baƙin da ba su da takardar zama mako biyu kacal su bar ƙasar. Mutane sun sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu ma sun bar su haka nan. Macen da ta fito daga wannan da akwati ɗaya ta sake kafa jari, lallai ya kamata jikokinta su sani. Ki hanzarta neman tsofaffin abokan cinikinta, ko a kasuwar goro ta Mariri, ki nemi izininsu ki naɗi muryarsu a waya, domin masu wannan shekaru kullum raguwa suke yi. Idan akwai rubutu ko hatimi a bayan hoton, ki turo mini ta akwatin saƙo, zan nuna wa dattawanmu a nan.

Amsar wani magidanci daga Maraɗi:

Ni ina ganin Yayanku yana da hujja ta wani ɓangare. Mazan da ta rabu da su suna da 'ya'ya da jikoki a raye, saboda haka dalilan mutuwar auren ba naki ba ne ke kaɗai da za ki baza. Ki rubuta, amma ya tsaya a cikin gida, kada ya hau Facebook.

Martanin mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta sa na tuna cewa duk lokacin da Inna ta dawo daga Shagamu, takan ware ƙwaryar farin goro mafi kyau ta ce a kai gidan Yaya kafin a sayar da ko ɗaya, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na karɓi shawarar barin rubutun a cikin gida. Na kira Yaya ɗazu na ce ina nan tafe ranar Juma'a bayan la'asar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in taho masa da hoton, domin bai taɓa ganin sa ba.