Don Allah a ba ni shawara: za a sake auna Hajiyarmu kafin a mayar da ita tallafin nakasassu na PIP

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyata 'yar 1951 ce. Ta zo Ingila ne ta bi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ta yi shekaru tana aiki a kicin ɗin makaranta, har ranar da ta faɗi a bakin famfo ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tun lokacin take karɓar DLA, kuɗin tallafin nakasassu na gwamnati, kuma an rubuta mata babu ranar ƙarewa. Da shi muka samu motar Motability (tsarin ba nakasassu hayar mota da kuɗin tallafinsu) da nake kai ta asibiti da Juma'a. Yayana yana Kano, ƙanwata ta yi aure a Manchesta, ni kaɗai ce a kanta, ga yara uku. Bara gwiwarta ta dama ita ma ta fara, sai na buga waya na sanar da hukumar da ke biyan kuɗin jikin ya ƙara tsanani, don ina ganin haƙƙi ne in faɗa. Sai ga wasiƙa wai DLA ɗinta zai ƙare, ta nemi PIP, tallafin da ya maye gurbinsa. Na buga, sun aiko fom mai kauri, yana kan firij ban taɓa shi ba. Mace mai jikoki za a ce ta zauna gaban baƙo ta bayyana yadda take wanka? Me zan yi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kuskuren farko kin riga kin yi shi, wayar nan ita ta jawo. Duk wanda aka haifa bayan 8 ga Afrilun 1948, da ya ce jikinsa ya canja, PIP za a tura shi. Waɗanda suka cika 65 kafin 8 ga Afrilun 2013 su aka bari a DLA. Wancan alƙawarin na babu ranar ƙarewa ba ya aiki a nan. Na cike fom ɗin nan wa mutum huɗu, ki saurare ni. Yaushe ne kwanan watan da ke jikin fom ɗin? Wata ɗaya suke bayarwa.

Maman Ilham: Yaya, ba kuskure ba ne. In ban faɗa ba gobe su ce mun ɓoye. Kwanan watan zan duba.

Anti Balaraba: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni abin da ya faru da maigidana har yau yana ci mini rai. Matar da ta auna shi ta ce yaya jiki, ya ce Alhamdulillah da sauƙi, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce. Ta tambaya ko yana zuwa masallaci, ya ce sosai. Bai ce mata a mota ake ajiye shi a bakin ƙofa ba, kuma a kujera yake salla. Rahoto ya fito wai yana fita shi kaɗai. Na yi kuka a kicin ranar. Wata takwas muka yi kafin kotu ta mayar masa, mota kuwa ta riga ta tafi. Kuma duk 'yan uwansa da ke cika baki babu wanda ya raka mu ko sau ɗaya.

Baban Sadik: Kin ji ko. Maki ake ƙirgawa, ba tausayi ba. Takwas ƙaramin mataki, sha biyu babba, a ɓangaren hidimar yau da kullum daban, na zirga-zirga daban. Mota sai da babban mataki na zirga-zirga, kuma ma'aunin tafiya mita 20 ne, ba 50 da aka saba ji a zamanin DLA ba. Ki rubuta komai a kan ranar da ta fi jin jiki. Ranar da ba ta iya tashi, ita ce ranarki.

Malama Hadiza: Baban Sadik, a nan ban yarda da kai ba. Na yi aikin kula da tsofaffi, ƙa'idar ita ce yadda mutum yake a fiye da rabin kwanaki. In ta rubuta mafi muni kaɗai, sannan suka ga Hajiya ta taka da sanda daga ƙofa zuwa kujera, sauran maganarta ma sun daina yarda. Maman Ilham, ki rubuta gaskiya amma cikakkiya: tana iya yi ba tare da haɗari ba? Tana iya maimaitawa? Yana ɗaukar ta fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya? In a'a ne, a wurinsu ba ta iya ba ke nan. Ki ɗauki littafi ki rubuta mako guda, har tsarki da sa zane. Kuma ki buga ki nemi ƙarin lokaci, suna bayarwa. Ƙungiyoyin agaji irin su Citizens Advice ko Age UK za su taya ki kyauta.

Maman Ilham: Na gode Malama. Amma maganar banɗaki ba zan rubuta ba. Ni nake riƙe mata buta, ni nake ɗaga ta, ko ƙanwata ba ta sani ba. Jiya da na ɗan taɓa zancen sai ta juya fuska bango ta ce, “Abin da ya rage mini ke nan, shi ma a kai wa Turawa?” Ba zan iya ba.

Ɗan Gumel: Ku bar wahalar nan ku nemi Attendance Allowance, ai na tsofaffi ne. Surukata shi take karɓa, ba wanda ya zo auna ta.

Baban Sadik: Wannan ba shi da kuɗin zirga-zirga ko kwabo, mota ta tafi ke nan. Kada ki bi. Kuma ƙanwata, in kina karɓar kuɗin mai jinya, shi ma a jikin nata yake rataye. Ki cire kunya, banɗakin nan maki ne.

Anti Balaraba: Cire kunya a baki da sauƙi, Alhaji. Ba kai ke riƙe butar ba.

Malama Hadiza: Za ki iya neman mace ta auna ta, da tafinta, kuma an yarda ki zauna tare da ita. Amma har yanzu ba ki faɗa mana matakin da take kai a DLA ba, da kwanan watan.

Maman Ilham: Tafinta kuma? Wani ɗan garinmu ya ji sirrinta? Gara in fassara da kaina. Ni dai ina tunanin in cike na tafiya kawai in bar sauran fili, motar ce damuwata. Yayana ma cewa yake in kawo ta Kano ta huta wata shida har abin ya lafa.

Baban Sadik: Wata shida? Ya wuce mako 13 kuɗin tsayawa zai yi. Ki duba kwanan watan nan yanzu.

Maman Ilham: Ta farka tana kira na, sai anjima.