Wasan jiya: laifin gola ne ko na 'yan baya?

Ɗan Tudun Wada:

Salamu alaikum 'yan uwa masoya ƙwallon gora, wato hoki. Ni dai tun jiya da magariba abin nan ke cina, ko tuwon kirki ban iya ci ba, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu yi ta ta ƙare. Waɗanda suka je fili sun ga yadda muka kwashe da baƙinmu na Zariya. Muna da biyu suna nema har aka tafi hutun rabin lokaci, kwata na uku suka rama ɗaya, ana shiga kwata na huɗu kafin ka ce kwabo sun ƙara mana biyu, aka tashi uku da biyu. A gidanmu fa, gaban yaran unguwa da muka yi ta lallashi su zo kallo.

Ga wanda bai je ba, ga yadda aka ci mu. Na farko shot kwana ce, wato bugun hukunci da ake turo ƙwallo daga layin ƙarshe in masu tsaron gida sun yi laifi kusa da raga, ƙwallo ta taɓa ƙafar yaron nan mai lamba 4 a cikin D, wato da'irar gaban raga, rafali ya busa, suka buga ta ƙasa ta daki katako. Na biyu ɗan gefensu na dama ne ya yi gudu da ita har kusan layin ƙarshe ya yanko ta ciki, wani da ke tsaye shi kaɗai a ɗaya turken ya ɗora sanda kawai. Na uku kuma wata shot kwanar ce, wannan karon suka ɗaga ta sama ta wuce ta gefen kafaɗar gola.

Da daddare a teburin mai shayi an kusa dambe, wasu na cewa gola ne ya sayar da mu, wasu na cewa lamba 4. Ni gaskiya zuciyata ta fi karkata kan lamba 4, don a ganina daga ƙafar nan tasa wasan ya juya. To ku fa, me kuka gani? Kuma koci ya ajiye shi a benci a wasa na gaba ko kuwa?

Na Kawo:

Wa alaikumus salam. Malam ka bar yaro ya sarara, gola ne kawai. Ƙwallo uku aka kawo masa na kirki duk wasan kuma ukun suka shiga, to me yake tsarewa? Na ukun nan wallahi ko ni da tumbina zan taɓa ta, ya kwanta tun kafin a buga kamar wanda ya ga tabarma. Mtsw.

Sabon Shiga:

Ku yi haƙuri ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, abokina ya ja ni jiya, karo na biyu kenan da na kalli hoki. Amma ci na biyun nan ba satar gida ba ne? Mutumin ya fi minti ɗaya yana tsaye bayan kowa fa, na yi ta ihu rafali ko kallona bai yi ba.

Tsohon Ɗan Baya:

Sabon Shiga sannu da ihu ɗana, ka ɓata muryarka a banza, babu satar gida a hoki. Da akwai, mu da ita muka koyi wasan a makarantar kwana, amma tun 1996 aka fara cire ta kuma ba ta sake dawowa ba. Don haka mutum zai iya zuwa ya kafa rumfa a gindin turkenku, ba rafalin da zai kore shi, aikin ɗan baya ne ya bi shi ya tsaya tsakaninsa da ƙwallo. Ka riƙe wannan don shi ne rabin amsar tambayar.

Yanzu kai Ɗan Tudun Wada. Na tsaya ta bayan ragarmu a kwata na uku, abin da zan faɗa da idona na gani ba labari aka ba ni ba. Ƙwallon da ta taɓa ƙafar yaron nan daga ina ta taso? Ɗan tsakiyarmu ne ya riƙe ta yana neman yanke mutum biyu alhali ga na gefe a sake yana ɗaga masa sanda, aka ƙwace, ya taɗe mutum, aka busa. To maimakon ya ja da baya mita biyar ya kama wuri, sai ya tsaya yana buɗe hannuwa yana yi wa rafali bayani irin na 'yan ƙwallon ƙafa. Tun 2009 doka ta ba wanda aka yi wa laifi dama ya ajiye ƙwallo ya taɓa wa kansa ya wuce, ba sai ya jira kowa ba, shi ya sa a hokin yanzu mai gardama da rafali shi ake bari a baya. Ɗan Zariyan ya taɓa ya wuce, kafin 'yan tsakiyarmu su waiwayo su uku sun fuskanci 'yan bayanmu biyu. Kuma duk wanda ya taɓa buga gaba ya san idan ka shiga D ba ka ga raga ba, ƙafar ɗan baya kake nema da gangan, ka tura mata ƙwallo ka karɓi shot kwana. Sana'a ce. A filin ƙasa irin namu da ƙwallo ke tsalle kamar fara, ko wane ne a wurin sai ta same shi. Kuskuren yaron ɗaya ne, ya tsaya ƙafafu a jere sanda a sama, da ya durƙusa ya shimfiɗa sandar a ƙasa ya sa ta gaban ƙafarsa da wataƙila ya tsira. Wannan abin gyara ne na sati biyu, ba abin benci ba.

Na uku kuwa, Na Kawo, kai ka ga gola ya kwanta amma ba ka ƙirga mutanen da ke tare da shi ba. A shot kwana mutum biyar ake bari bayan layi har da gola, sauran su koma tsakiyar fili. Mai fita na farko ya yi azarɓaɓi ya ƙetare layi kafin a turo ƙwallo, rafali ya kore shi tsakiya kamar yadda doka ta ce, kuma ba a maye gurbinsa. Aka sake bugawa muna huɗu. Shi wannan mai fitan shi ne ke rufe wa gola ɓangare guda na raga da jikinsa da sandarsa, gola ya ji da ɗaya ɓangaren. Da aka kore shi ba wanda ya ce ni zan fita, duk suka tsaya kallon juna, mai bugun ya samu lokaci ya ja ta ya cilla yadda ransa ke so. Raga mai faɗin mita 3.66 ka bar wa mutum ɗaya, ƙwallo na tahowa daga bakin da'ira, me kake so ya yi?

Ku tuna Indiya da Birtaniya a gasar Olamfik ta Paris a 2024. An ba Amit Rohidas jan kati tun a kwata na biyu, Indiya suka yi sama da minti arba'in da mutum goma, aka tashi ɗaya da ɗaya suka yi nasara a bugun raba gardama. Kowa golansu Sreejesh yake yabo kuma ya cancanta, amma ku sake kallon wasan ku ga yadda tara ɗin da ke gabansa suka dunƙule, kowa ya san inda zai tsaya in an rasa mutum. Mu yaushe rabon da a ware ko minti ashirin a tirenin a ce yau tsaron shot kwana za a yi? Kullum a raba biyu a buga, a sha fiya wata, a watse.

Tsohuwar Kyaftin:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Abu biyu kawai zan ƙara tunda ni ma baya na buga shekaru kafin aure da yara su karɓe ni. Ba wanda ya lura cewa tun daga kwata na biyu duk harin mutanen nan ta damansu yake zuwa? Ba banza ba. Sandar hoki fuska ɗaya gare ta da ake wasa da ita, kuma babu sandar bahago, to duk wanda ya bi ta gefen hagunka dole ka juya sanda ka tare shi da baibai, nan ne kowa ya fi rauni. Wayon shi ne ka gyara tsayuwa ka tilasta masa ya bi ta damanka inda kake da ƙarfi, ko ka raka shi har layin gefe ba tare da ka kai sara ba. Namu na hagu sau nawa yana zabura ya kai sanda da hannu ɗaya, a zagaye shi kamar turmi? A ci na biyu haka aka yi, lamba 4 ya baro mutuminsa ya zo taimako, shi kenan turken can ya zama babu kowa. Wato yaron da kuke zagi gobarar wani ya je kashewa.

Na biyu, da girmamawa ga koci, a hoki canji ba shi da iyaka, ka fita ka huta ka dawo, lokacin shot kwana ne kawai ba a canji. 'Yan Zariya kusan duk bayan 'yan mintoci sai ka ga sun sauya mutum biyu, mu kuwa 'yan baya huɗun nan su suka yi minti sittin cur cikin wannan rana da ƙura, ga yara uku a benci suna wasa da robar ruwa. A kwata na huɗu na ga na hagun ya dafa gwiwa yana haki tun kafin a busa. Gajiya ce ke sa mutum kai sanda daga nesa maimakon ya taka ƙafa, ita ce kuma ke sa a fita kafin lokaci.

Yayan Gola:

Ni ban so in sa baki ba don za a ce ƙanina nake karewa, kuma eh shi nake karewa. Na Kawo, don Allah ran Talata ka zo ka saka kayan nan nasa ka tsaya minti biyar. Takalmin kariyar ƙafarsa na dama igiyarsa ta tsinke tun bara, da robar tayar keke yake ɗaure shi, in ya yi shuri sau biyu sai ya juya gefe. Soson da ke cinya ya mutu ya zama kamar tsumma. Jiya da ya dawo gida ya cire wando cinyarsa ta yi baƙi ƙirin wajen faɗin tafin hannu, Hajiya na gasa masa da ruwan zafi tana faɗan wai wane irin wasa ne wannan da ba ko sisi sai ciwo. Ƙwallon nan giram ɗari da sittin ce ko kusa da haka kuma tauri gare ta kamar dutse, ba balan-balan ba ce. Masu tsayawa a turke kuma ko abin rufe fuska guda ɗaya ba mu da shi, shi ya sa in an ɗaga ta kowa ke kau da kai, kuma ni ban ga laifinsu ba, haƙori ba ya tsirowa sau uku.

Sannan maganar wai ƙwallo uku aka kawo masa, haba malam. Wanda ya fita ya tare da ƙafa a kwata na farko su biyu a kansa fa? Da wanda ya ture da hannu ana dab da hutu? Ko lokacin kana wajen mai gyaɗa?

Na Kawo:

To na ji, na janye rabi. Ban san an kori mutum a ta ukun ba, daga inda nake ƙura ta hana ni gani. Amma Yaya ka faɗa masa gaskiya in kun zauna, in ya tare ƙwallo ya riƙa shure ta gefe, sau biyu yana mayar da ita tsakiyar D kan sandar mutane, Allah ne ya rufa asiri. Kuma ba ya magana, gola shi ke ganin fili duka, shi ya kamata ya ƙwala wa na hagu kira ya ce ga mutum a bayanka. Shiru kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa.

Tsohon Ɗan Baya:

Wannan kam ka faɗi gaskiya Na Kawo, ban da ta cewa. Golan da ba ya ihu rabin gola ne. Amma a yi masa uzuri, yaro ne, waɗanda ke gabansa duk sun girme shi, kunya yake ji ya daka wa yayyensa tsawa. Sai an zaunar da su gaba ɗaya an ce a cikin fili babu yaya babu ƙane. Kuma kada mu manta wuyar da ke gabanmu, a nan muna koyo a ƙasa, ranar da aka kai yaro kan kafet irin na filin Abuja da aka yi wasannin Afirka na 2003 a kai, ƙwallo gudu take ninki, kuskuren da ƙasa ke rufawa a nan can tsirara yake fitowa. 'Yan wasanmu na ƙasa da suka ciyo tagulla a kofin Afirka a Accra a 2022 ba daga sama suka faɗo ba, irin wannan gyaran aka yi musu tun suna ƙanana.

Ɗan Tudun Wada:

Kai jama'a, na zo da tuhumar mutum ɗaya na koma da ta mutum shida har da koci. Baba na gode, Anti Kyaftin na gode, wallahi ban taɓa lura da zancen hagun nan ba sai yanzu da na zauna ina tuno wasan. Lamba 4 in kana karantawa ka yafe ni, amma dai ka runtse sandar nan ƙasa.

Yayan Gola, nawa ne abin rufe fuskar nan guda biyu da igiyar takalmi? Ka tambayo mana a kasuwa ko wajen masu kawowa daga Legas, ni zan fara da dubu biyar, Na Kawo ma tunda ya janye rabi sai ya biya rabi. Baba in da hali ka leƙo ran Talata bayan la'asar ka tsaya mana a kan shot kwanar nan, ni zan yi wa koci magana tun yau don kada ya ji kamar an zagaye shi.

Na Kawo:

Dubu biyu zan bayar, sauran sai na ga ya fara ihu.