Kudu ta sha kashi sau 121, ku fito mu yi ta da waƙa

Na Titin 35 (Juma'a, 27 ga Satumba 2024, 10:40 na dare)

Salamu alaikum 'yan zaure. An tashi a Detroit, 4 da 1. Karo na 121 ke nan da aka doke White Sox, ƙungiyarmu ta besbol ta Kudancin Shikago, a kakar bana, mun karɓe rawanin da New York Mets ke ɗaure da shi tun 1962 da kashi 120. Fasinja biyu na sauke a filin jirgin Midway, kowanne sai da ya dubi hulata ya yi mini jaje. Barci ya ƙi zuwa, ga nawa. Ƙwar huɗu ce, amsa-amo "ra". Mai ji da kansa, bismillah.

Ya Rabbi ba ni haƙuri da juriya,
Ƙungiyata ta zamo abin dariya,
Ɗari da ashirin da ɗai, ba ƙarya,
Kashin bana ya wuce na kowace shekara.

Ashirin da ɗai a jere ba mu ci ba,
Tun daga Yuli ba mu ɗaga kai ba,
An kori koci Grifol, ciwo bai warke ba,
An sauya direba, mota ba gyara.

Reinsdorf, dattijo, sai da ƙungiyar nan,
Tun 81 kake riƙe da abin nan,
Mun gaji da zuwa mu dawo hakanan,
Ka bar mu mu huta, kai ma ka sarara.

Gwanin Wrigley (10:58 na dare)

Wa alaikumus salam. Alhaji, daga gidan Cubs na Arewacin gari na zo ta'aziyya, amma da ganga a rataye.

Sannu Alhaji, ya muka ji da rashi?
Ɗari da ashirin da ɗai na kashi,
Ko jakin Kano ne da tuni ya tashi,
Ku kun kwanta kuna jiran wata shekara.

Bara a Cleveland, turmi na shida,
Anderson ya yar da safa zai gwada,
Ramírez ya sunkuya ya kai masa guda,
Sai ga ɗan Kudu ƙasa yana shan ƙura.

Ba ku iya sanda ba, ba ku iya jifa ba,
Kun koma dambe, shi ma bai karɓe ku ba,
A gidan dambe ko yaro bai yi haka ba,
Ka ja daga da kanka, a kashe ka kafin ka fara.

Ga 'yan gida da ba su gani ba: ranar 5 ga Agusta 2023 ne, a zango na biyu cikin huɗun da mai gudu ke zagayawa. Ramírez na Cleveland ya zamo da ƙirji ya shige tsakanin ƙafafun Tim Anderson na Sox, ya miƙe yana nuna shi da yatsa. Tim ya jefar da safar hannu, ya dunƙule, har alƙalin wasa ya ja da baya ya ba su fili. Sannan hukuma ta dakatar da Tim wasa 6, Ramírez wasa 3. Ka sha duka, ka kuma fi shan hukunci.

Maman Ikram (11:20 na dare)

Ina wurin aiki, amma an ambaci garinmu Cleveland.

Ni Guramada ce, ba Kudu ba Arewa,
Ina bakin tafki ina kallon kowa,
Mu mun ci yankinmu, ku kuna ta faɗuwa,
Shagonmu Ramírez, shi ke kawo nasara.

Kai kuma Gwani, ko Gwano zan ce?
Warin jikinka ba ka ji, ka mance,
Oktoba ta zo, Cubs a gida kwance,
Da kai da Alhaji duk kun yi asara.

Ɗan Zango Kumasi (11:23 na dare)

Kai! Hajiya ta gama aiki. A naɗe tabarma.

Gwanin Wrigley (11:25 na dare)

Kai yaro, tun yaushe ka koma ɗan amshin Cleveland? Ba jiya na gan ka da rigar Sox a jirgin Red Line ba?

Na Titin 35 (Asabar, 6:05 na safe)

Na yi sallah, na sha shayi, ƙarfi ya dawo. Gwani, karɓi naka tukuna.

Gwani, ran damben nan mu muka ci wasa,
Bakwai da huɗu, ko da Tim na ƙasa,
Ku shekara ɗari da takwas kun kasa,
Kaka ya mutu, jika ya yi furfura.

Dubu biyu da shida, Barrett ɗan gidanku,
Ya naushi Pierzynski da duk ƙarfinku,
Yana nan tsaye, muka lallasa ku,
Bakwai da nema, wa ya kwashi ƙura?

Hajiya, da girmanki nake gaishe ki,
Tun 48 kofi ya bar garinki,
Ko Baba bai ga Inna ba, balle ke ki
Zo duniya har ki yi mana gadara.

Mu dai 2005 muka share Houston a World Series, wasan ƙarshe na cin kofi, wasa huɗu a jere, ina tsaye a titin 35 da idona na ga gari ya rikice. Ku kuwa Hajiya, a World Series ta 2016 kuna gaba 3 da 1, Gwani da mutanensa suka zo suka ƙwace. Ku je ku sasanta tsakaninku.

Malam Na Tudun Wada (Asabar, 8:30 na safe agogon Shikago, mu nan Zariya azahar ta yi)

Assalamu alaikum. Ni ban san wannan ƙwallon kulki ba, ban kuma nemi sani ba. Waƙa ce ta kawo ni, kuma na tarar an yi mata rauni a wuri uku.

Gwani, ɗangonka "Bara a Cleveland, turmi na shida" gaɓa 10 ne, wanda ya rufe baitin kuwa 12. Ɗaya na tafiya, ɗaya na gudu. Hajiya, kin haɗa "nasara" da "asara" cikin jerin "ƙura" da "gyara". Naki ra-gare ne, nasu ra-kaɗe, kunne yana jin bambancin. Alhaji kuma ka bar "ki" a rataye a ƙarshen ɗango, ka tsallaka da ita gidan maƙwabci. Na san za ka ce saɓi-zarce ne. Saɓi-zarce ado ne idan an yi da niyya, naka kuwa amsa-amo ne ya ƙare maka.

Gwanin Wrigley (8:41 na safe)

Allah gafarta Malam, da bakin wa ka ƙirga? Bature ne ke cewa sunan garin nan da gaɓa biyu. Bahaushe Ki-li-bi-lan yake cewa, huɗu cif. Sake lissafi: Ba-ra-a-Ki-li-bi-lan-tur-mi-na-shi-da. 12. Ka biya ni.

Malam Na Tudun Wada (8:50 na safe)

To me ya hana ka rubuta shi yadda kake faɗa? Ka rubuta da boko irin nasu, ka ce in karanta da bakin Katsina? Kuma ko an ba ka 12 ɗin, adadi ba shi ne kari ba. Nauyi ake aunawa, doguwa da gajera. Buhun auduga da buhun gishiri duk buhu ɗaya ne a ƙirga.

Maman Ikram (9:15 na safe)

Malam, da boko da ajami duk harafi ɗaya suka ba ra ɗin nan. Ranar da aka ƙera mata harafi na biyu a wayata, zan gyara. Yanzu na sauka daga aikin dare, a yi mini afuwa.

Ɗan Zango Kumasi (9:32 na safe)

Ku bar Malam da awonsa, ni ciwon cikin gida ne ya dame ni. Kowa na maganar naushi, naushi kuwa alama ce kawai. Ban iya waƙa ba, amma ga shi.

Middleton da ya koma Yankees ya fasa ƙwai,
Ya ce a gidan babu doka, babu kai,
Yaro na barci a wurin jira ana cikin wasa, wai,
Ba mai tashinsa, ba mai cin sa tara.

Ba a jima ba aka sallami manya biyu,
Williams da Hahn, muka ce yanzu za mu rayu,
Sai aka ɗauko Getz daga cikin gida, ba a ko duba waje ba kafin Mayu,
Tuwon jiya ne, ɗumame aka ƙara.

Kuma ku ji abin haushi. Makon nan na sayi tikiti takanas in ga na 121 da idona a gida, in samu abin ba jikoki labari. Angels suka zo, Sox suka cinye su wasa uku a jere. Mutane na ihun "a sai da ƙungiya", namu na cin wasa ana yi musu ature da baki. Ko faɗuwar ma ba su iya yin ta a inda aka biya kuɗi a gani ba, sai da suka kai ta Detroit.

Malam Na Tudun Wada (9:40 na safe)

Inna lillahi. Me ya kawo Mayu cikin maganar Agusta?

Ɗan Zango Kumasi (9:41 na safe)

Amsa-amo ne ya kawo shi, Malam. Shi kaɗai na samu a kasuwa.

Na Titin 35 (9:44 na safe)

Ƙanena, baitinka na farko ya fi duk abin da Gwani ya rubuta tun da aka buɗe zauren nan. Na biyun kuwa kamar masu jifanmu na ko-ta-kwana, ya fara lafiya, ya watse a tsakiya.

Bagobirin Damagaram (10:10 na safe)

Ku yi haƙuri, tambaya. Yaya ƙungiya za ta sha kashi 121 a shekara guda? Kullum ake wasan ne? Mu nan kokowa ta ƙasa sau ɗaya ake yi a shekara, a ba da takobi, kowa ya koma gona.

Gwanin Wrigley (10:16 na safe)

Kusan kullum ne, ɗan'uwa. Wasa 162 kowace ƙungiya ke yi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kowane wasa turmi 9. A besbol ko ƙungiyar da ta fi kowa takan sha kashi wajen 60, ragguwa kuma takan ci wajen 60. Mutanen Alhaji 39 suka ci zuwa jiya. Wannan sai an dage.

Malam Na Tudun Wada (10:45 na safe)

Tunda an ce baki kawai gare ni, ga awo. Mutaƙarab ne, fa'ulun sau huɗu a kowane ɗango. Ku buga da yatsa a kan tebur ku ji.

Ina so ku gane, ina so ku gyara,
Idan ba awo, to, surutu ka tara,
Kanawa da waƙa kamar Sox da ƙwallo,
A kullum da kaye, a kullum da ƙura.

Gwanin Wrigley (10:47 na safe)

Allahu akbar! Na janye ƙarata. Malam ya fi ƙarfin kowa a zauren nan, ɗango na uku kaɗai ya isa a ba shi rawani.

Na Titin 35 (10:52 na safe)

Ɗazu kake cewa bai iya ƙirga ba. Da ya zagi Sox ya zama gwani? Kai kuma Bazazzagi, an ce ƙwar huɗu mai amsa-amon ciki, ka kawo mana wani gini daban ka ce mu yi tafi.

Malam, awonka ya yi, ban musa ba,
Amma ko zango ɗaya ba ka taɓa gani ba,
Mai ƙirga hatsin da bai noma ba,
Zariya ke nan, a ci na Kano a yi gadara.

Malam Na Tudun Wada (11:03 na safe)

Ka maimaita "gadara", ka riga ka kashe ta a kan Hajiya da asuba. Kuma "ba, ba, ba" amsa-amon malalaci ne, yawancin kore a Hausa da ita yake ƙarewa. Sau biyu ke nan kana fakewa a nan, Gwani sau ɗaya.

Maman Ikram (11:05 na safe)

Jama'a, an fara da Anderson, an ƙare da fa'ulun. Ni na tafi barci.

Tela Mai Zare (Asabar, 4:20 na yamma)

Na makara, aiki ya yi yawa. Ku kuna ta batun naushin bara, ni abin da ya tsaya mini a rai tun 2016 yake. Ranar da Chris Sale na Sox zai yi jifa aka kawo musu riguna irin na 1976, masu kwala. Ya ce za su takura shi, aka ce sai an sa. Kafin a fita fili ya bi su ya yayyanka, aka kore shi gida, aka dakatar da shi kwana 5.

Dubu biyu da sha shida, watan Yuli,
Sale ya ga riga ya ce ba fasali,
Ya yayyanka ta duka, ya yi fatali,
Ɓarakar gidan nan ba bana ta fara.

Da ni na ɗinka, da mun je gaban alƙali,
Yadi da zare da kwanan zaune a fili,
Ƙato ya zo ya mai da su tarkacen kwali,
Ko ya ci kofi goma, sai ya biya ni tara.

Yanzu ga shi can Atlanta ya ci wasa 18 bana. Ku kwatanta da 39 na ƙungiya sukutum.

Ɗan Zango Kumasi (4:31 na yamma)

Baba Tela, tarata ka ara ba ka tambaya ba. Malam, ka gani ko?

Na Titin 35 (Lahadi, 29 ga Satumba, 5:50 na yamma)

A gyara lissafi: 41. Mun ci jiya, mun ci yau. Gwani, ina kake?

Gwanin Wrigley (6:02 na yamma)

Detroit ta riga ta samu gurbinta na wasannin neman kofi tun ranar Juma'a a kanku, hutawa take. Barka da cin ragowar tuwon biki.

Na Titin 35 (Asabar, 10 ga Mayu 2025, 7:15 na safe)

Na san zauren ya yi ƙura, wata bakwai ba mai leƙowa. Amma bashi ba ya ruɓa. Shekaranjiya aka zaɓi sabon Fafaroma, Leo na 14, haifaffen Shikago. Mutanen Gwani suka yi maza suka rubuta a allon ƙofar filinsu na Wrigley wai nasu ne. Yayansa ya fito ya ce Sox yake bi tun yana yaro, sai ga hotonsa a filinmu a wasan farko na World Series ta 2005.

Gwani, fito, yau ina da labari,
Kun hau allo kun yi saurin alfahari,
Yayansa ya ce Sox yake tun fari,
Har Roma ta san Kudu, sai ka yi hattara.

Gwanin Wrigley (9:48 na safe)

Na ji, Alhaji, na kuma taya ku murna,
Mai jinya ba ya zaɓen mai duba shi da rana,
Kuna ƙasan tebur har yau, ina gani a nan ina,
Ku nemi addu'a ko'ina, ku haɗa da ta Malam ku ƙara.

Malam Na Tudun Wada (10:20 na safe)

"A nan ina" ba Hausa ba ce, Gwani. Alhaji, "hattara" ra-gare ce. Wata bakwai na ba ku.