Wadda ta yi BBL ko ta yi jinyar wadda ta yi, ta zo mu ji daga bakinta

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta kafe sai ta yi BBL, tiyatar nan ta ƙara mazaunai, wadda ake zuƙo kitsen ciki da na baya a mayar da shi can. Wata ce a Instagram ta ce mata akwai rangwame a Istanbul, kuɗin har da otal da mota da tafinta. Na yi faɗa, na yi lallashi, ko gezau. Tun da hana ta ya gagara, gara in san abin da za mu tarar. Don Allah wadda ta gani da idonta ta yi magana, "an ce" kam na gaji da shi.

Zee:
Wa alaikumus salam Anti. Ni na yi a Legas, kuma alhamdulillah ban samu matsala ba, don haka ba zan yi ƙaryar nadama ba. Amma bidiyon da ake nunawa, mace na juyi gaban madubi, wannan bayan watanni ne. Makonnin farko ban zauna ba. Rubda ciki nake kwana, a durƙushe nake cin abinci, salla sai yadda ta yiwu, banɗaki kansa aiki ne. Inda aka zuƙi kitsen ya fi inda aka zuba ciwo, cikina da kwiɓina kamar an yi min dukan kawo wuƙa. Ruwa mai jini-jini yana tsatsafowa ta ƙananan hujojin, sai an shimfiɗa leda a katifa. Ga matsattsiyar rigar da ake sawa dare da rana a zafin Legas, ga tausar da ake yi don ruwan ya fita. Ranar farkon tausar kuka na yi wiwi.

Kuma ba duk kitsen ne yake zama ba. Likitana ya faɗa min tun farko cewa jiki zai shanye wani kaso, sai bayan wata uku zuwa shida ake sanin abin da ya rage. Girman makon farko da yawansa kumburi ne. In ba ta da wadda za ta ɗaga ta, ta kwantar da ita, ta yi mata wanka, kada ma ta fara.

Sista Hadiza:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen tiyata. Ba ma yin wannan aikin a asibitinmu, amma in ya ɓaci a wani wuri mu ake kawo wa. Waɗanda suke iso mu da ruɓar ciwo ko taruwar ruwa ma masu sa'a ne, don babban haɗarin ba ya bari a iso ko'ina.

Cikin tsokar ɗuwawu da ƙarƙashinta akwai manyan jijiyoyin jini. In mai aikin ya tura ƙarfen zuba kitsen ya yi zurfi har cikin tsoka, yana iya fasa jijiya, kitsen ya bi jini ya ratsa zuciya ya toshe huhu. Yawanci a kan gadon tiyatar ko cikin 'yan sa'o'i ake rasa mace, kuma ko a babban asibiti da wuya a ceto ta. A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki a Amurka ya ƙiyasta cewa ana rasa mace ɗaya cikin kusan 3,000, abin da ya sa aka ɗauke ta tiyatar kwalliya mafi haɗari. A 2018 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya ta shawarci mambobinta su dakatar da ita, ba ta sassauta ba sai 2022, bisa sharaɗin a ƙarƙashin fata kaɗai za a zuba kitsen, ana kallo da na'urar sikanin. Jihar Florida ta Amurka ta hana zubawa cikin tsoka a 2019, a 2022 ta ƙara da wajabta sikanin, ta kuma taƙaita likita ga mata uku a rana. Dalilin wannan na ƙarshen shi ne mace-macen can sun fi yawa a wurare masu araha da ake jera mata tun asuba, likita ya gaji hannu ya fara zarcewa.

Maman Ilham, kalmar rangwamen nan ce ta fi tayar min da hankali. Duk mai rage kuɗi a tiyata, wani wuri yake cikewa, ko dai yawan mutane ko rage ma'aikata.

Ummu Affan:
Hmm. 'Yar baffana irin wannan tafiyar ta yi zuwa Turkiyya, ta hannun dillaliya. A gida ta ce saro kaya za ta. Likitan da ta daɗe tana kallon aikinsa a waya ba ta sa shi a ido ba sai safiyar tiyatar, ya zo ya zana mata jiki da alƙalami ya fita. Takardar da ta sa wa hannu ba ta san abin da ke ciki ba, tafinta ya ce mata ba wani abu ba ne. Washegari aka mayar da ita otal, ba a jima ba ta hau jirgi ta dawo.

Da ta iso, zazzaɓi ya rufe ta, gefe ɗaya ya yi tauri ya yi ja, da zafi rau. Maimakon asibiti, sai ta riƙa tura hoto ga lambar WhatsApp ɗin da suka ba ta, suna cewa hakan yake yi, ta ci gaba da shan magani. Daga baya ma suka daina amsawa. Mahaifiyarta maganin maleriya take ta ba ta, don ba ta san komai ba. Sai da wurin ya fashe mugunya ta ɓata zanin gado sannan ta kira ni tana kuka. Likitan da ya karɓe mu ya tambayi takardar bayanin aikin, lita nawa aka zuƙa, nawa aka zuba, wane magani aka ba ta. Ko ɗaya babu. Wani ɓangaren kitsen ya mutu ya ruɓe, sai da aka shiga da ita tiyata aka kwashe, aka yi ta wankin ciwo. Ta warke, amma gefen ya lotsa, yanzu ciko take sawa don su daidaita.

Ban ce duk likitocin can haka suke ba, akwai ƙwararru. Ni dai a ganina ɓoyewar ce ta kusa kashe ta. Ƙanwarki ta yi sa'a tun da ke kin sani.

Sista Hadiza:
Ƙari kan maganar jirgi: dogon zama bayan tiyata yana jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, asibiti za a nufa a lokacin.

Fa'iza:
Ni dai tsakani da Allah canza halitta ne wannan. Ku ji tsoron Allah.

Maman Ilham:
'Yar uwa na faɗa mata, malamin islamiyyarsu ma ya faɗa. Ban zo neman halasta mata ba, ranta nake ji.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana, da yawanku ba za ku tuna ba. A watan Oktoban 2005, a ƙarshen makon da jirgin Bellview ya faɗi, muna cikin wannan jimami sai ga labarin rasuwar Stella, matar Shugaba Obasanjo, a ƙasar Sifen. Lokacin muna zaune a Abuja, garin ya yi tsit. Tiyatar zuƙe kitse aka yi mata, ƙarfen ya huda mata hanji, ba a farga da wuri ba. A 2009 kotu a birnin Malaga na Sifen ta samu likitan da laifin sakaci. Matar shugaban ƙasa ke nan, a Turai, kuma zuƙar ce kawai, ba a kai ga zubawa ba. To wadda ake maganar nan aiki biyu ne a zama ɗaya.

Rukky:
Bari in faɗi yadda na tantance likita, ko zai amfani wata. Wuri na farko da na je a Abuja ya ƙawatu, sanyi ko'ina, mabiyansa a intanet ba iyaka. Na tambayi likitan inda ya yi horon tiyatar gyaran jiki, sai ya nuna min takardun kwas na 'yan kwanaki a bango. Na sake tambaya, ya ce in ban shirya ba akwai masu jiran layi. Kafin in kai ƙofa yarinyar da ke karɓar baƙi tana ce min in ba da kafin alƙalami yau don farashi zai tashi.

Yayana likita ne, shi ya fahimtar da ni. Rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, da lasisin shekara suna nuna mutum likita ne, ba su nuna ya iya wannan aikin ba. Likitan tiyatar gyaran jiki sai ya yi shekaru yana horo a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa, shi ne za ki ga FWACS ko FMCS a bayan sunansa. Ki tabbatar kuma a fannin gyaran jiki ne, don likitan ƙashi ma yana iya ɗaukar haruffan nan. Suna da ƙungiya, NAPRAS. Shi kansa wurin sai yana da rajista, a Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi, a Kano hukumar PHIMA. Kada a ɗauka wasa ne, a 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta rufe wani sanannen wurin irin wannan aiki a Legas.

Likita na biyun da na gani bai ji haushin tambaya ba. Da bakinsa ya ce ƙarƙashin fata yake zubawa, ya faɗa min likitan sa barcin da zai tsaya a kaina, da inda za a samo jini, da ɗakin kulawa ta musamman in abu ya rikice. Shi ma ya titsiye ni: sikila, hawan jini, ciwon suga, maganin tsarin iyali, shisha. Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa, ya ce ba zai taɓa ni ba sai ya hau. Girman da na nuna masa a hoto kuma ya ce jikina ba zai ɗauka ba. Na fita ina jin haushinsa. Har yau ban koma ba, kuɗin ma na sa a wani abu, amma da zan yi wurinsa zan je.

Nana:
Don Allah Sista, ni siririya ce, aka ce ba ni da kitsen da za a ɗiba. Na sha "sha ka fashe" fuskata kawai ta kumbura. Sai wata mai gyaran jiki ta yi min allura a mazaunai a shagonta bara, ta ce ba tiyata ba ce, ba haɗari. Ban san abin da ta zuba ba. Yanzu wurin ya yi ƙulalai masu tauri, wani lokaci da zafi, fatar ta fara baƙi. Ta ce in riƙa gasawa da ruwan zafi ina murzawa.

Sista Hadiza:
Nana ki daina murzawa, kada kuma ki bari ta ƙara miki wata allurar da sunan narkarwa. Irin waɗannan sau da yawa silikon ne ko wani mai, jiki ba ya shanye su, suna iya tafiya cikin nama, kuma cire su duka yana da wuya. Ki je asibitin koyarwa mafi kusa da ke ki nemi sashen tiyatar gyaran jiki, za su yi hoto su ga inda abin ya kai. Ki faɗa musu ƙwayoyin ƙibar da kika sha, don wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke raunana garkuwar jiki, ba a kuma daina shan sa rana ɗaya. In za ta yarda ta ba ki kwalbar ko sunan abin, ki tafi da shi. In zazzaɓi ya zo ko wurin ya fara ruwa kafin ranar ganin likita, ki shiga ta sashen gaggawa.