Neman kalmar Hausa: me za mu kira "liability" idan ruwan na sama ya yi wa na ƙasa ɓarna?

Assalamu alaikum, malamai da masu fassara. Wata wasiƙa daga Toronto ce ta kawo ni gabanku. Tiyon injin wanki ya ɓalle a hawa na shida na wani bene, ruwa ya kwana yana zuba, da safe matar da ke hawa na biyar ta tarar da silin ɗin falonta ya kumbura, dardumarta kuma ta jiƙe sharkaf. Benen irin wanda ake kira kondo ne, inda kowa ya mallaki sashensa, amma rufi da matakala da manyan bututu na tarayya ne. An nemi in fassara wa mai sashen sama wasiƙar hukumar benen, sai kalmar Turanci "liability" ta tsaya mini a wuya.

Da farko na rubuta "alhaki", sannan na goge. A kunnen Bahaushe alhaki ba ya rabuwa da zalunci, shi ya sa muke cewa alhakin wane ya kama wane, kuma mutumin da yake barci lokacin da tiyo ya ɓalle zai ɗauka an kira shi azzalumi. Dokar Turawa kuwa tana raba laifi da biya. A shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868 a Ingila, an ɗora wa mai madatsar ruwa biyan ɓarnar da ruwansa ya yi wa mahaƙar kwal ta maƙwabcinsa, alhali 'yan kwangila ne suka yi ginin. A 1913 kuma, a shari'ar Rickards da Lothian, wani da ba a gano ba ya toshe magudanar kwanon wanke hannu a saman wani bene a Melbourne ya bar famfo a buɗe, kayan na ƙasa suka lalace, amma kotu ta ce wanda ya ɗauki hayar benen gaba ɗaya ba zai biya ba, domin jawo ruwan famfo cikin gini amfani ne na yau da kullum.

Wani malamin fiƙihu ya ce mini in ɗauki "lamuni", tunda daga "damani" na Larabci ta fito, kuma da ita malaman Malikiyya ke maganar wanda ya lalata dukiyar wani. Allah ya gafarta Malam, hujjar tana da ƙarfi, sai dai kalmar ta riga ta koma kasuwa: yau duk wanda ya ji lamuni, bashi zai fara tunawa, kamar a Asusun Ba da Lamuni na Duniya. "Diyya" kuma sunan kuɗin da ake biya ce, ba ta faɗi a kan wa biyan ya hau ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "nauyin biyan ɓarna". Nauyi yana hawa kan mutum ko bai yi sakaci ba, ana iya raba shi, wani ma yana iya ɗauke wa wani, kuma haka lamarin yake a Toronto. Dokar kondo ta 1998 ta lardin Ontariyo, inda Toronto take, ta wajabta wa hukumar bene yin inshorar ginin da ainihin tsarin kowane sashe, har da ɓarnar ruwa, amma ƙarin gyaran da mutum ya yi da kuɗinsa, kamar daɓen katako mai tsada, inshorarsa ce za ta ji da shi. Sannan akwai kason farko na asara da kamfanin inshora ba ya biya, wanda a kansa ne maƙwabta suka fi yin jayayya.

Ga yadda jimlar ta fita a fassarata: "Nauyin biyan ɓarnar da ta sami sashen da ke ƙarƙashinka, gwargwadon kason da inshora ba ta biya, yana kanka." 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram, ko ku ma haka kuke fassara takwararta ta Faransanci, "responsabilité civile", a takardun inshora?