Yaro ɗan SS2 ya nace sai kwamfuta, ta ina za a fara?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure, ya ruwa ya sanyi. Dan Allah shawara nake nema. Khalifa yana SS2 yanzu, tun bara ya ishe mu shi dai kwamfuta zai karanta, to ga dogon hutu ya zo kuma akwai wata makarantar kwamfuta nan kusa da mu a unguwar Rikkos, Jos, wai difloma ta wata uku, sun ce dubu tamanin har da satifiket. Babansa ya ce in tambaya kafin a biya tunda daga ni har shi ba mu san kan abun ba. Ba shi da laftop, wayata yake ta dannawa har ta mutu.

Injiniya Abba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki biya tukuna. Ki ja Khalifan ku je wajen lokacin da ake cikin darasi, ba lokacin da suka ce ki zo ba, ki ƙirga yara ki ƙirga kwamfutocin da ke kunne. In kin ga yara huɗu sun taru a kan guda ɗaya, ko malami na zana kibod a allo don ba wuta ba man janareta, ki juyo abunki kawai, wannan kaman a koya wa mutum tuƙin mota ne a takarda. Sannan ki tambaye su a ƙarshen wata ukun me yaro zai iya haɗawa da hannunsa ya nuna. Yawancin irin wuraren nan Word ne da Excel da ɗan CorelDraw, ba wai ba su da amfani ba ne, amma yaron da ke da na'ura a gida zai koyi wannan da kansa a YouTube. Satifiket ɗin kuwa ni dai tunda na fara aikin nan ba wanda ya taɓa ce min in kawo irinsa, kullum maganar ita ce turo mu ga me ka gina. Da ni ne wlh kuɗin zan cika in saya masa laftop tokumbo.

Malam Sani Physics:
Injiniya na yarda da kai, amma bari in faɗa wa Hajiya abunda ke ci min rai a matsayina na mai riƙe alli. Yara da yawa in sun ce kwamfuta, lissafi suke gudu, sun ɗauka danne-danne ne kawai. Alhali mai neman Computer Science a JAMB Turanci zai rubuta da Lissafi da Physics, sai na huɗu kaman Chemistry, kuma a WAEC ko NECO ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi da Physics. Ku duba burosha ta JAMB don kowace jami'a da ɗan nata sharaɗin. Ko A1 ya ci a Data Processing ba za ta rufe masa ramin D7 a Lissafi ba. Don haka Hajiya ki fara ɗauko sakamakonsa na zangon nan ki duba, in lissafin na rawa to rabin hutun nan lesin ɗin lissafi ne, in kuma makarantarsu na yin Further Maths kar ya guje ta.

Wani abun kuma, tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yanzu tambaya 180 ce cikin awa 2, ina da ɗalibai masu ƙoƙari sosai da suka shiga ɗakin jarabawa hannunsu na karkarwa a kan maus don ranar ce rana ta farko da suka taɓa shi. Ko don wannan kaɗai ya kamata yaro ya saba da na'ura.

Sadiq UJ:
Malam gaskiya ka faɗa wlh. Ajin farko a jami'a kusan duk lissafi ne da Physics, wasu har tambaya suke wai yaushe za a fara kwamfutar 😂 Kuma abunda na lura, waɗanda suka shigo sun riga sun ɗan taɓa kodin, wato rubuta manhaja, a gida su ne ke shan iska, mu kuwa da muka fara ganin Python, yaren rubuta manhaja, a aji mun ji jiki. Sannan yanzu ba Computer Science kaɗai ba ne, an rarraba, akwai Software Engineering, Cybersecurity, Data Science, Information Technology, sai a duba wace makaranta ke da wanne kafin a cike fom.

Oga Ɗanladi Mai Gyara:
Ku dai kullum kodin kodin. Injiniya in rawutar ofis ɗinku mai raba intanet ta tsaya wa kuke kira? Ba kowane yaro ne zai iya zama yana kallon baƙin allo da rubutu awa biyar ba, wani hannunsa ne ke ƙaiƙayi, in ka ba shi rediyo sai ya kwance ta. Irin wannan a kawo mana shago. Yaron da ke wajena yanzu ranar farko wayar netwok na miƙa masa da kirimfa, abun matse kan wayar, na ce fere bayan, ga ƙananan wayoyi 8 a ciki, jera su, fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, yanke bakinsu daidai, tura cikin kan wayar da ake kira RJ45 har ka hango tagullar ta taɓo ƙarshe sannan ka matse. Ya ɓata min kawuna kam ba kaɗan ba, amma da ya sa a testa, na'urar gwada waya, fitilu 8 suka bi layi ɗaya bayan ɗaya sai da ya yi ihu mutanen shagon kusa suka leƙo. Yanzu shi ke zuwa min aikin CCTV da sa Windows da canza sikirin, kuma yana karatun Cisco Networking Academy a intanet, darussan farko kyauta ne, burinsa CCNA, satifiket ɗin Cisco na aikin netwok. Wannan ma aikin kwamfuta ne fa, kuma kuɗinsa a hannu.

Injiniya Abba:
Oga na sara maka 🙌 ban ce ba haka ba ne. Ni ma da kwance kwamfutar yayana na fara.

Alhaji Baba:
Salam. Ni fa tsorona ɗaya ne, kuma ku yi haƙuri da tsoho. A layinmu akwai yaran da aka saya wa laftop da sunan karatu, yau ga su da waya mai tsada da sarƙa a wuya ba aikin fari ba na baƙi, dare ya yi su kulle ɗaki. Kar mu je neman gira mu rasa ido.

Anti Rahila:
Baba tsoronka na kan hanya, amma hana su ba zai yi magani ba, mai son yahoo da waya ma yi yake. Ni dokar gidana laftop a falo take kwana, a kan tebur ake aiki da ita fuskarta na kallon mutane, ƙarfe goma na dare an rufe. Kuma duk Lahadi in mun dawo coci sai 'yata ta nuna min me ta yi a satin, ban gane rabin bayanin ba amma ina gane in abu ya ƙaru ko bai ƙaru ba. Na kuma zaunar da ita na ce akwai dokar laifukan intanet tun 2015, EFCC ba ta tambayar shekara nawa uwarka ta yi tana wahala a kanki, kuma ko lambar asusun banki wani ya ce ki ara masa a turo kuɗi kin shiga ciki.

Tunda na yi magana bari in ƙara, dan Allah a daina mantawa da 'yan mata, duk zancen nan yaro yaro ake ta yi. A 2018 'yan mata 'yan sakandare daga Onitsha suka je Amurka suka ciyo zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation da manhajar gano jabun magani. Me zai hana 'yan matan Gangare ko Tudun Wada? Gasar ta 'yan mata ce zalla, shiga kyauta ne, ƙungiya ake haɗawa da babba mai kula da su.

Ummu Hanan:
Anti Rahila Allah ya biya ki. To mu da ko tokumbon ba mu da halinta fa? Tawa tana SS1, wayar Android ce kawai a gidan.

Injiniya Abba:
Ummu Hanan waya ma ana farawa da ita, ba daɗi dai amma ana yi. A sauke mata Sololearn don darasi da Pydroid 3 don ta rubuta Python ta gani yana aiki a wayar, in an samu ɗan canji a sayi kibod na USB da ƙaramar wayar OTG mai haɗa kibod da waya a jona, rubutu zai yi sauƙi sosai. Bidiyo kuma a sauke da datar dare mai arha a ajiye, ba sai ana kallo kai tsaye ba. Mai laftop kuwa ga freeCodeCamp, ga CS50 na jami'ar Harvard, duk kyauta, sai dai CS50 na da zafi kar yaro ya karaya in ya ji wuya. 'Yan JSS a fara musu da Scratch, tubala ake jerawa ba rubutu ba, kuma yana aiki ko ba data.

Amma abunda na fi so iyaye su riƙe, kar a bar yaro yana tsalle, yau Python gobe zanen fosta jibi ya ga bidiyon masu kutse a kwamfuta ya ce shi haka zai zama. Abu ɗaya, ya gama shi. Kuma a ba shi aikin gida na gaske. Ummu Hanan ba kina sayar da atamfa bashi ba? To ki ba ta littafin bashin ki ce ta rubuta abunda in an sa suna zai fito da nawa aka karɓa nawa aka biya nawa ya rage. Za ta fara da mutum ɗaya, sai ta ga ai mutum talatin ne, dole ta koyi jeri da maimaitawa, sai ta rufe ta buɗe ta tarar komai ya goge, dole ta koyi ajiyewa a fayil, sai ki rubuta Maman Amira yau gobe ki rubuta Mmn Amira abun ya ɗauka mutum biyu ne, nan za ta yi kwana biyu tana tsaki, to a wannan tsakin ake zama ma'aikaci. In ta gama ta ɗora a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu, shi ne abunda za ta nuna gobe. Turanci kuma dole, don in abu ya lalace da Turanci na'urar ke faɗin matsalar, yaron da ba ya karanta jan rubutun nan sai dai ya yi ta kiran mutane.

Sadiq UJ:
Yaya Abba to ChatGPT fa? Ƙannenmu yanzu kwafowa kawai suke su manna.

Injiniya Abba:
Ni ma ina aiki da shi kullum. Sharaɗin da na sa wa ƙanina, duk layin da ba zai iya min bayaninsa da Hausa ba a goge shi. Ya tambaye shi me ya sa abu ya ƙi aiki, wannan ba laifi, amma ba rubuta min duka ba.

Baban Ummi:
A Jos ɗin nan ba wajen da yaro zai je ya ga masu yin abun ido da ido ne? Kuma ina jin ana ta maganar 3MTT.

Injiniya Abba:
Akwai nHub, cibiyar koyar da fasahar kwamfuta, tun 2015 suke, matasa da yawa a garin nan ta can suka fito, a je a tambayi me suke da shi na 'yan sakandare a hutun nan. 3MTT shirin gwamnatin tarayya ne da aka fara a 2023 ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa tare da NITDA, burin a horar da mutum miliyan 3, ta intanet ake nema in an buɗe, kar wanda ya karɓi kuɗinku wai zai sa sunan yaro.

Malam Sani Physics:
Kuma kar a raina poli. Hedikwatar ITF, hukumar horar da ma'aikata, ma a nan Jos take kan titin Miango, su ke kula da SIWES, horon da ɗalibai ke zuwa yi a wuraren aiki, yaron da ya je wannan horon yana da abu a hannu sau da yawa a wajen ake riƙe shi.

Maman Khalifa:
Kai na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na duba sakamakon, lissafi C ne Malam, Physics ɗin ne dai sai addu'a. Babansa ya ce a nemi laftop ɗin. Oga Ɗanladi wace iri za mu saya kar a cuce mu?

Oga Ɗanladi Mai Gyara:
Hajiya ki nemi irin na ofis, ThinkPad ko HP EliteBook ko Dell Latitude, sun fi jure wahala kuma kayan gyaransu na samuwa. Core i5, RAM 8GB, kuma lallai SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri, ko 256GB ne ya isa, kar a ruɗe ki da 1TB na tsohon hard disk mai jan ƙafa. Kar Khalifa ya ja ki wajen mai fitilu kala-kala, ta gem ce. A shagon a cire caja a bar ta a kunne ku ga yadda batir ke sauka, don da yanayin wutarmu batir shi ne rabin laftop. A buɗe Notepad ya danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a buɗe murfin a rufe a ji ko hinji na ƙara, a sa farin shafi a duba tabo a sikirin, a shiga BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna na'urar, a tabbatar ba fasuwod, a gwada Wi-Fi da kyamara da duk ramukan USB. A rubuta muku rasit da lambar na'urar da kwanakin garanti. In za ku shiga Ahmadu Bello Way ranar Asabar ki min magana ta gefe in raka ku, bayan azahar ina da sarari.

Ummu Hanan:
Oga in za ku je a tambayo min kuɗin kibod ɗin da OTG dan Allah, wayar Type-C ce.

Malam Sani Physics:
Hajiya Physics ba addu'a kaɗai ba, a turo min shi Litinin da Laraba ƙarfe huɗu, ya zo da littafinsa na SS1.